Hattara da mai canza CDI a bakin ruwan Yawuri

Naira dubu 85. Dubu 85 wani macuci ya karɓe wa yayana a kan matsalar da waya ɗaya ta jawo. Wallahi har yanzu raina bai huce ba.

Injin kwale-kwale ne, Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40. A danna maɓallin kashewa, a zare igiyar kashe injin, yana nan yana ta kuka abinsa. Sai ga mutumin da jakar kaya, ya ɗora mitar gwada wuta, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, CDI ya ƙone." CDI shi ne ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta. Mitar nan ce ta ci Yaya. Kada wani ya ce sakarci ne, mutum ne da ya tsufa a kan ruwan Kainji, kuma kowa ya ga mita a hannun mai gyara zai saki jiki. Kai, tun kafin ya fara aikin ma macucin ya karɓi dubu 50 kafin alƙalami, cikon 35 daga baya.

Ku ji yadda abin yake. Injin nan ba yanke masa wuta ake yi ba. Farar waya ce ke fitowa daga CDI zuwa maɓallin, idan ka danna sai ta haɗu da baƙar waya da ke ɗaure a jikin ƙarfen injin, wutar fulogi ta ɗauke. In farar ta tsinke, ko tsatsa ta ci mahaɗarta, ko baƙar ta saki, injin ba zai mutu ba. CDI da ya ƙone kuwa yawanci ko tashi injin ba ya yi. Gwajin ba ya cin ko sisi: ka sami waya mai roba, ka haɗa farar da jikin ƙarfe, ba da hannu tsirara ba don tana fizga. In ya mutu, CDI lafiya lau. Kada a kuskura a jona mata batir, a nan ne zai ƙone da gaske. In an cire hular fulogi kuma bai mutu ba, zancen ya bar wuta: baƙin datti ne ya yi ja a kan fistin, ko silo, wato gudun injin a tsaye, ya yi yawa, ko iska na shiga ta inda bai kamata ba. Ja cok, zare tiyon mai.

Shi macucin mahaɗar ya kankare a ɓoye, ya dasa na bogi, ya jefa na asali mai lafiya a jakarsa, wai "ai ya zama shara". Shara! Na bogin ya mutu a tsakiyar ruwa da fasinja a ciki, lambar wayar macucin kuma a kashe. Dubu 85, ga na asali ya tafi.



A gwada farar waya a gabanku kafin ku biya, kuma kada ku bari a tafi da tsohon kayanku.