Tsohon filin golf na St Andrews a idon ɗan Jigawa

Wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da Maigatari ba zai ji baƙunta a tsohon filin golf na St Andrews da ke gaɓar teku a Sikotland ba, domin ƙasar rairayi ce mai tudu da kwari, irin jigawar da muke shuka gero a kai, sai dai tasu kore shar take. Sau ɗaya na buga wasa a can lokacin da nake karatu, kuma tun da na dawo ƙauye abokai ke tambayata ko filin ya cancanci kuɗinsa. Ya cancanta, kuma iska ce dalili.

Babu bishiyar da za ta kare mutum. Ramukan da ake buga ƙwallo ta faɗa ciki 18 ne, adadin da aka tsayar tun 1764 bayan an rage su daga 22, kuma an jera su ne ta yadda za a miƙa a tafi sannan a juyo, saboda haka iskar da ta tura maka ƙwallo a tafiya ita za ta tare ka a dawowa. Dattijon da ya ɗaukar mini jaka yakan tsinki ciyawa ya watsa sama kafin kowane bugu, kamar yadda iyayenmu mata ke gwada iska kafin sheƙa, sannan ya ce in buga ƙasa-ƙasa ƙwallo ta gangara. Duk lokacin da na ɗaga ta sama, sai ta kauce cikin ƙaya.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kududdufan yashi guda 112, waɗanda da yawansu ba a hango su daga wurin bugu. Na faɗa wanda suke kira Jahannama a rami na 14, bangonsa ya fi ni tsawo, dole na buga ƙwallon baya kafin na fita. A nan na san girman abin da shahararren ɗan wasan golf Tiger Woods ya yi a babbar gasar Open da aka buga a filin a 2000, da ya kammala kwana huɗu bai shiga ko ɗaya ba. A 2015 kuwa, iska ta riƙa motsa ƙwallo daga inda ta tsaya har aka dakatar da wasa, gasar Open ta shekarar ta ƙara kwana guda ta kai Litinin.

Sabon shiga kada ya je ba tare da mai ɗaukar jaka ba. Wanda kallo kawai yake so ya bari sai Lahadi, ranar da galibi ba a wasa, jama'a ke yawo a filin kyauta.