Kirif ko kwali: wanne za a saya don kwalliyar walima?

Wata Hajiya daga Gwammaja ta tambaya: 'yarta za ta yi saukar Alƙur'ani, tana son ƙawata falo da rumfar tsakar gida da kanta, to ta sayi takardar kirif ne, mai laushin nan mai tattara, ko kwali mai launi irin na 'yan makaranta?

Hajiya, duka biyun akwai su wajen masu kayan rubutu a kasuwar Sabon Gari, sai dai aikinsu ba ɗaya ba ne.

Kirif ta fi saurin cika ido. Kada ki warware ta. Yadda ta zo a ninke, ki sa almakashi ki yanko faɗin santimita 5, nan take kin sami dogon ziri. Ki haɗa launi biyu, misali kore da fari, ki kama bakinsu a kusurwa, ki yi ta murɗawa har ɗaya kusurwar. Kada ki ja ta da ƙarfi: tattarar nan ce ke riƙe ta, in ta miƙe ba ta komawa, washegari za ki ga ta yi ciki ta sauko.

Babban aibinta shi ne rini. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ja ko shuɗi ya zuba, kuma a kan farar shaddar baƙo zai sauka. Shi ya sa ba a sa mata gam mai ruwa, huda ta yake yi ya ɓata launi. Da zare ake ɗaure ta. A rumfar tsakar gida kuwa, da damina laima na sa ta saki, da hunturu ƙura na shiga tattarar ta zauna, ba ta kaɗuwa. Ta falo ce, ta yini ɗaya, kuma nesa da kaskon turaren wuta.

Kwali ya fi cin lokaci, amma shi ne ke tsayawa da ƙafarsa. Harufan "Barka da Sauka", jinjirin wata, tauraro, duk nasa ne. Wata ba ya buƙatar gwaninta: ki kifa faranti ki zagaye da fensir, ki ɗora ƙaramin murfin tukunya ya ci gefe ɗaya, ki sake zagayewa, abin da ya rage tsakaninsu shi za ki yanka. In za ki ninka kwali, ki fara jan layi da bayan almakashi a jikin rula, in ba haka ba bakin ninkin zai tsage, farin da ke cikin kwalin ya fito. Farin gam irin Top Bond yana kama shi, amma shafa kaɗan; in ya yi yawa kwalin zai lanƙwashe yana bushewa. A danne da littafi minti 10.

Ga wani abu da ba ki tambaya ba: sarƙa da mafici na takarda, irin na ado, ba su son ko ɗaya daga cikinsu. Kirif ta yi musu laushi, kwali ya yi tauri. Takardar A4 mai launi ta fi. Faɗinta santimita 21 ne, tsawo kusan 30, don haka in kika yanka ziri-ziri masu santimita 2.5 za ki sami 11, in kika manna kowanne ya zama zobe sarƙe da na kusa da shi, su ba ki sarƙa kamar santimita 70. Bangon mita 4, da ɗan lilon da za ta yi, ki tanadi takarda 8. Mafici kuma takarda 3: ki ninka kowace gaba da baya a santimita 2, ki karya ta biyu, ki manna gefunansu su zama da'ira, sannan ki rufe tsakiyar da ɗan kwali don kada ta buɗe.

Wajen ratayawa, ki rabu da salatef a jikin bango. Kan ƙura ba ya kamawa, in ya kama kuma da fenti zai taso. Ki ja zare mai kauri daga ƙarfen taga zuwa sandar labule, ki rataya komai a kansa. Kafin ki sauko daga kan kujera, a kunna fankar sama a ga abin da ke kaiwa gare ta.