Manhajojin kyauta na marubuta: wacce za ka sauke, wacce za ka ƙyale

Babi goma sha ɗaya na wani labarina suka bi wayata ranar da aka zare min ita a turmutsutsun shiga mota, ana gobe sallah. Duk a ɗan littafin rubutun nan da ke zuwa da waya na taifa su, ban tura wa kowa ba, ban kwafa a ko'ina ba. Cikin mako biyu na haɗa kuɗin wata wayar, na yi wa layina walkam-bak, lambobin mutane suka dawo da kaɗan-kaɗan. Labarin ne bai dawo ba. Na sake rubuta shi, amma ni na san na farkon ya fi daɗi.

Tun daga ranar, duk manhajar da aka yaba min, ba na fara duba kyanta. Abin da nake tambaya shi ne: a ina rubutun yake kwana? A cikin wayar kaɗai, ko yana da wani gidan a intanet? Sai kuma in ji ko tana buɗuwa ranar da data ta ƙare ko sabis ya yi ƙasa, domin mafi yawanmu a waya muke taifin, cikin dare, ana lallaɓa caji. Daga nan sai maganar "kyauta". Kowace kyauta a nan tana da katanga, kuma gara ka san inda katangar take kafin ka zuba shekara guda na aikinka a ciki.

Google Docs zan fara ɗauka, don ita na fi daɗewa da ita. Duk mai adireshin Gmail yana da ita, ba sai ya biya ko sisi ba. Kana rubutu tana ajiyewa da kanta, in wayar ta faɗa rijiya yau, gobe ka shiga da adireshinka a wata wayar ka tarar da komai. Tana ƙirga kalmomi, abin da mai shiga gasa ya san darajarsa. Gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, tana da iyakar kalmomin da ba a tsallakewa. Tana kuma fitar da rubutu a matsayin fayil ɗin Word ko PDF, wanda shi maɗaba'a da shagon buga takardu za su nema a wurinka.

Mutane da yawa suna cewa ba ta aiki sai da data. Ba haka ba ne, sai dai kai za ka shirya mata. Ka taɓa ɗigo ukun da ke gefen fayil ɗin, ka kunna wurin da ke ba da damar buɗe shi ba tare da intanet ba, tun kana da sabis. Daga nan ko a ƙauyen da sai an hau tudu ake kira za ka yi rubutunka, in ka dawo cikin sabis ta tura abin da ka ƙara. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne tana riƙe tarihin gyare-gyare. Idan ka goge shafi uku cikin fushi ranar Talata, ka yi nadama ranar Alhamis, za ka iya komawa ka ɗauko su, amma wannan a kwamfuta ya fi sauƙin dubawa. Fayil ɗin da ka jefa kwandon shara kuwa kwana 30 yake yi kafin ya tafi gaba ɗaya.

Inda ta fi burge ni shi ne wajen aiki da mai gyara. Maimakon ka tura masa fayil, ya gyara, ya dawo da shi, ka ƙara, ka sake turawa, har ku tara "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshe na gaske", sai ka ba shi izinin yin sharhi kawai a kan fayil guda. Ya nuna inda yake ganin kuskure, kai ka karɓa ko ka ƙi. Sai dai a kula, musamman 'yan'uwa mata masu sayar da littafi a guruf na kuɗi: idan kika saita fayil ɗin a kan duk mai mahaɗin (wato link) ya iya buɗewa, mutum ɗaya ya tura mahaɗin waje, shi ke nan littafin ya shiga gari. Akwai wurin hana masu karatu saukewa ko kwafa, yana rage ɓarna, amma ba ya hana wanda ya yi niyya ɗaukar hoton fuskar waya shafi-shafi.

Katangarta ita ce GB 15. Kowane asusun Google na kyauta abin da yake samu ke nan, kuma Gmail da Drive da Google Photos duk a kwano ɗaya suke ci. Rubutu zalla ba ya cin wuri, ko littafi hamsin ka rubuta ba za ka ji a jikinka ba. Masu cinyewa su ne hotunan biki da bidiyo, sannan tun daga 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ita ma cikin wannan GB 15 ɗin ake lissafa ta. In wurin ya cika, ba saƙon imel kaɗai ke tsayawa ba, har sabon rubutu a Docs sai ya gagara. Shawarata, ka buɗe adireshi na musamman don rubutu, kada ka haɗa shi da na hotuna. Kuma ka riƙa leƙa shi, domin Google ya ce tun daga Disambar 2023 yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Ƙari a kan haka, dogon fayil yana yi wa ƙaramar waya nauyi. Littafi mai babi sittin, raba shi goma-goma.

Ƙanwarta Google Keep ba wurin rubuta littafi ba ce, kuma duk wanda ya gwada zai ci karo da bango, don kowace takarda a cikinta ba ta wuce haruffa kusan 20,000. Aikinta kama abin da ya gifta. Kana cikin adaidaita sahu ka ji wata dattijuwa ta yi wa direba wata baƙar magana da ta dace da bakin uwar mijin da ke labarinka, kafin ka isa gida ta gudu daga kanka. Nan Keep take da rana: tana buɗuwa da sauri, ba ta jiran sabis, kana iya yi wa kowace takarda launi da laƙabi, ka ce wannan na "karin magana", wannan na "sunaye", wannan na littafi kaza. In takardar ta girma, akwai wurin tura ta kai tsaye zuwa Docs. Wasu suna yin irin wannan da tura wa kansu saƙo a WhatsApp. Yana yi, amma bayan wata uku nemo abu a ciki sai ka ce neman allura a cikin rairayi.

WPS Office kuwa kusan kowa ya san ta, da ita ɗimbin littattafan da ke yawo a waya aka taifa. Ba ta buƙatar intanet, tana buɗe fayil ɗin Word, tana mayar da shi PDF. Abin da za ka haƙura da shi shi ne talla da yawan tayin ka biya. Babban abin lura dai, in ba ka shiga da asusu ka kunna ajiyar intanet ba, rubutun a wayar kaɗai yake, wato irin halin da na shiga ana gobe sallah.

Yanzu ga wadda nake so in ɗan daɗe a kanta, Obsidian. Ta fito a 2020, kyauta ce, kuma tsarinta ya saɓa wa na sauran. Duk abin da ka rubuta yana zama ƙananan fayiloli na rubutu zalla a wata folda cikin wayarka ko kwamfutarka. Ba ta neman ka yi rajista, ba ta neman data, kuma ko kamfanin ya rufe gobe, fayilolinka suna nan, kowace manhajar rubutu za ta buɗe su.

Amfaninta yana fitowa ne ga mai dogon labari. Ka ce kana da gida mai mata uku, 'ya'ya sha huɗu, da dangin kowace. A babi na 3 ka ce Hajiya Babba 'ya'yanta huɗu, a babi na 40 ka manta ka ba ta biyar. Kai ba za ka lura ba, amma wallahi akwai mai karatun da za ta lura, kuma a gaban kowa za ta tambaye ka. A Obsidian sai ka buɗe wa Hajiya Babba shafinta, ka rubuta shekarunta, 'ya'yanta, garinsu, irin rantsuwar da take yi. Duk inda ka sa sunanta cikin baka biyu masu kusurwa, kamar haka [[Hajiya Babba]], a wani babi, ya zama mahaɗi. Ka taɓa ka je shafinta, a shafin kuma ka ga jerin duk wuraren da ka haɗa da ita. Mai bincike ma haka, ko kan tarihin masarauta yake aiki ko kan waƙoƙin baka, kowane mutum da kowane gari da shafinsa, suna kiran juna.

Laifinta biyu. Na farko, daidaita rubutu tsakanin waya da kwamfuta ta hanyar kamfanin na kuɗi ne, don haka a tsarin kyauta ajiyar ko-ta-kwana a wuyanka take. In ba ka kwafe foldar zuwa wani wuri ba, ɓarawon waya ya tafi da ita. Na biyu, tana son a zauna a koye ta, kuma tana da tarkon da ke kama masu son gyare-gyare. Na taɓa cinye mako guda ina canza launi da ƙara mata kayan aiki, ban rubuta ko layi ɗaya na labari ba.

Notion ita ce amaryar da ake yayi, kuma gaskiya ta iya ado. Mutum ɗaya yana buɗe shafuka iya son ransa kyauta, ya yi jadawalin babi-babi: wanne aka gama, kalmomi nawa, yaushe za a sake shi. Amma a tsarin kyauta fayil ɗin da za ka ɗora ba zai wuce MB 5 ba, tarihin gyara kuma na kwana 7 ne kacal. An gina ta ne don mai intanet a kodayaushe. Sai a 2025 ta samu damar aiki ba sabis, shi ma sai ka zaɓi shafukan tun da wuri. A ƙaramar waya tana jan ƙafa. In kana da kwamfuta da intanet tsayayye, bismillah. In ba haka ba, wancan jadawalin Google Sheets zai yi maka shi, ko ma bayan littafin makaranta.

Evernote ba zan ɓata maka lokaci ba. Da can ita ce sarauniyar manhajojin ajiye bayanai, amma tun Disambar 2023 tsarinta na kyauta ya koma takarda 50 da kundi ɗaya. Marubuci zai cinye wannan kafin wata ya mutu. OneNote ta Microsoft ta fi ta sakin hannu nesa ba kusa ba: kundi, a cikinsa sassa, a cikinsu shafuka, kamar dai fayil ɗin ɗalibi, tana tafiya da GB 5 na OneDrive, ma'ajiyar intanet ta Microsoft. Ta dace da mai tara bayanai da hotunan takardu, ɗalibin jami'a ko malami. Ban ga ta dace da zuba gangar jikin littafi ba.

Trello ba a rubutu a cikinta, allo ne na bin sawun aiki. Ka ja layuka, ka ce wannan "dabara", wannan "ana rubutawa", wannan "yana wurin mai gyara", wannan "an saki", kowane aiki ya zama kati kana matsar da shi gaba. Allo goma take bayarwa kyauta. Ɗan jarida mai labarai shida a hannu, ko ƙungiyar marubuta da ke haɗa littafin gajerun labarai, za su ji daɗinta. Mai littafi ɗaya tilo, me zai matsar?

Akwai abin da ya fi duk waɗannan tasiri a kan rubutun Hausa, kuma ba a cika kawo shi cikin lissafi ba: allon taifin. Ka shiga saitin Gboard ka ƙara Hausa cikin harsuna, ka samu ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ ga 'yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ta haka. A wurin na'ura "kasa" daban, "ƙasa" daban, saboda haka in yau ka rubuta sunan tauraruwarka da lanƙwasa, gobe babu, ranar da ka zo nema rabi za ka gani. Ka tsaya a kan hanya ɗaya tun babin farko. A ƙarshen 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake yi wa Gboard magana ya rubuta. Yana rage gajiyar yatsa, amma sai ka bi bayansa da gyara. Manhajojin gyaran nahawu irin Grammarly kuma kada ka wahalar da wayarka, ba su san Hausa ba. Jan layin da ke bin ƙarƙashin kowace kalma ma kashe shi za ka yi a saiti, ka huta.

To wacce za a ɗauka? Taura biyu ba ta taunuwa, balle takwas. Mai waya kaɗai, mai sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, Docs da Keep sun ishe shi, kuma a Docs zai fara rubutawa kafin ya kwafa ya saki, ba a akwatin saƙo ba. Mai dogon littafi mai tarin jama'a, ko mai bincike, ya ƙara Obsidian, da sharaɗin zai riƙa kwafe foldar. Masu aiki a ƙungiya su ƙara Trello.

Ni abin da nake yi yanzu, duk Juma'a bayan la'asar nakan sauke abin da na rubuta a makon a matsayin fayil ɗin Word, in tura wa kaina a ma'ajiyar saƙonni ta Telegram, wadda ke karɓar fayil har na GB 2, in kuma kwafa a memori. Memorin yana cikin wani tsohon gwangwanin alawa a saman durowa, tare da 'yar takardar da na rubuta kalmar sirrin adireshin da biro, da lambar layin da na yi rajistarsa da shi. Layin nan ko ba na kira da shi nakan sa masa kati lokaci-lokaci, don kada a rufe shi a sayar wa wani.