Ƙofar mussa: ta roba ko ta mai walda? Amsa ga Hajiya

Wa'alaikumus salam Hajiya, ya gida, ya yara, ya zafi? Kin tambaye ni kan ƙofar mussa, wato ɗan ramin nan mai murfi da ake yi a jikin ƙofa don mussa ta riƙa shiga da fita da kanta. Tsakanin ƙofar robar da kika ga hotonta da wadda mai walda zai ƙera wa mussarki, ki tafi wajen mai walda. Duka biyun na sa a gidana nan unguwar Lazare a Yamai. Ɗaya ta tafi bola tun ba ta yi wata shida ba, ɗayar kuwa tun 2023 take aiki, ko jiya da dare na ji mussata ta wuce ta cikinta.

Ta robar jika 18 na saye ta, kuma har yau in na tuna kuɗin sai raina ya sosu. Abin da zan yaba mata biyu ne: murfinta garai yake, mussa tana hango waje kafin ta fita, sannan tana da ɗan maɓalli da ake murzawa ta hanya huɗu, shiga kawai, fita kawai, shiga da fita, ko a rufe gaba ɗaya. Daga nan yabo ya ƙare. An yi ta ne don ƙofar katako mai kauri irin ta gidajen Turai, mu kuwa ƙofofinmu na Yamai ƙarfe ne falle ɗaya, kusoshinta ba su sami abin kamawa ba, kullum tana girgiɗi. A watan Disamba na sa ta, ƙurar hunturu ta cika maratayin murfin har ya daina komawa daidai. Da ranar Afrilu ta dake ta, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kullum, robar ta yi rawaya ta bushe kamar ƙanzo. Iskar hadarin farko ce ta ƙarasa ta. Da safe na tsinci rabin murfin gindin randa.

Bari in ba ki labarin ta biyun, don ita ce zancen.

Mussata toka-toka ce, shi ya sa yara ke ce mata Toka. Don ɓeraye na ɗauko ta, sun addabi buhunan hatsi da shinkafa a mangaza. In na rufe ta ciki ta kwana tana kuka da yaƙushin ƙofa, in na bar ƙofar buɗe kaji da ƙura su cika ɗakin. Kuma raina bai taɓa kwanciya da kulle ta ba, duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda mussar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Da robar ta karye, sai maigida ya kira wani dattijo mai walda da ke mana gyaran ƙofofi. Ya zo ya tsuguna ya daɗe yana kallon Toka tana cin abinci. Ya ɗauko sandar awo ya gwada daga ƙasa zuwa cikinta, ya gwada faɗin kanta haɗe da gashin baki, ya ce mani: "Hajiya, inda kan mussa da gashin bakinta suka shige ba tare da sun gogi ƙarfe ba, sauran jikin zai bi." Ya aiki yaronsa kasuwar Katako ya samo guntun ƙarfe da robar cikin tayar babbar mota da robar bakin ƙofar tsohon firigo. Ban san amfanin ta ƙarshen ba sai da ya farke ta ya zaro wani baƙin zare mai laushi a ciki, ashe maganaɗisu ne, shi ke sa ƙofar firigo ta manne. Ya kewaye ramin da ƙarfe, ya goge bakin da dutse har sai da ya shafa da bayan hannunsa bai ji kaifi ba. Ya rataya robar tayar daga sama, ya ɗaura mata siririn ƙarfe a ƙasa don ta yi nauyi, ya liƙa maganaɗisun a dokin ƙofar. Daga ciki kuma ya yi ɗan faifan ƙarfe mai zamewa da sakata. Jika 7 duka, har da kuɗin kayan.

A daminar 2024, wadda kowa ya san irin ruwan da aka sha, Toka ta haihu bayan tulin itace a tsakar gida, ƴaƴa huɗu. Wani dare a watan Agusta ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kuran ya ɗauke, tsakar gida ta cika har idon sawu. Na farka da tunaninsu, na ɗauki fitila na fito. Ina haskawa sai ga ta jiƙe sharkaf, ɗa ɗaya a bakinta, ta tura robar da goshi ta shige mangaza. Na bi ta na buɗe, na tarar ta riga ta kwashe uku ta jera su kan buhun gero, wannan ne na ƙarshe. Da ƙofar a rufe take ruf, ko da ramin nan na robar da ta karye na toshe da kwali kamar yadda na yi niyya tun farko, da safe gawarsu zan kwasa. Na tsaya nan da fitila a hannu ina ta hamdala. Tun ranar ba wanda zai zuga ni in canza ƙofar nan.

Ga awon da za ki ba mai walda. Rami mai faɗin santimita 15 da tsawon 15 ko 16 ya ishi babbar mussa, kusan awon na kantin ke nan ma. Bakin ramin na ƙasa ya yi sama da daɓe da santimita 10 zuwa 15, daidai tsayin cikinta. Kar ki yarda ya yanka shi dab da ƙasa don sauƙin aiki. Ruwan tsakar gida zai shigo, kuma kin share wa jaɓa da kunama hanya. Murfin kuma ki nace robar taya. Wata maƙwabciyata ta sa an yi mata na kwano, yana ƙara kamar ana buga faranti, ya datse wa mussarta wutsiya sau ɗaya, har yau ba ta sake bi ta wurin ba. Kwano in ya sha rana ma ko ke ba ki iya taɓa shi.

Inda za a sa ta ya fi abin da aka yi ta da shi muhimmanci. Ki zaɓi ƙofar mangaza ko ta madafa, ban da ɗakin kwana, don duk yadda murfi ya kai ga rufuwa sauro zai sami kafa, kuma kin san yadda masassara take daga Agusta zuwa Oktoba. Ki guji ƙofar da ke kallon gabas. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska da ƙasa kafin ruwan ya sauko, hunturu ma ta wannan gefen yake busowa. Ƙofar da ke inuwa ta fi, don baƙar roba in rana ta dake ta tana wari. Kuma ramin ya yi nesa da makulli da sakatar ƙofar, fiye da tsawon hannun mutum. Ki sa yaro ya zura hannu daga waje ki gani da idonki. In gidan haya kike, ki nemi izinin mai gida kafin a taɓa ƙarfensa, kuma ki adana guntun da aka yanke, ranar tashi a mayar.

Aibin ta mai waldar ba zan ɓoye miki ba. Ba ta san taki da ta wani ba. Wani ƙaton muzuru na unguwa ya gane hanya, ya riƙa shigowa yana cinye abincin Toka yana fesa fitsari jikin buhu, warin nan kuwa sai wanda ya shaƙa. Abin da ya raba ni da shi, na daina ajiye abinci kusa da ramin, na riƙa sa sakata daga magariba zuwa asuba har sati biyu, ya gaji ya daina zuwa. Yanzu ma in iska ta taso ko za mu yi tafiya, sakatar nake zurawa. Na kuma share itace da tarkacen da ke jikin bangon, don a irin nan maciji ke fakewa.

Na san wani zai ce miki ai akwai mai na'ura, wadda ke gane mussar gida ta hana baƙuwa. Gaskiya ne akwai, irin su SureFlap. Likitan dabbobi ne ke sa wa mussa wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lamba mai alƙaluma 15, ƙofar ta karanta lambar ta buɗe. Batir huɗu take ci, ba ruwanta da kuran. Sai dai ƙarfe yana dagula mata karatun, masu yin ta da kansu sun ce a ƙofar ƙarfe sai an faɗaɗa ramin an ƙara wani zobe na daban. Jikinta kuma robar nan ce dai, rana ɗaya ce za ta dake ta, kuma in ta lalace ba mai gyara a kusa. Akwai kuma mai buɗewa da maganaɗisun da ake rataya wa mussa a wuya. Wannan kam kar ki fara, za ta riƙa dawo miki da ƙusoshi manne a wuya, in igiyar ta maƙale a reshe ko a waya kuma abin ba kyau.

Maganar karen maigidanki, da kika ce ko a yi rami ɗaya babba ya ishe su duka: a'a Hajiya. In irin dogayen karnukan nan ne na Azawak da ake kawowa daga arewacin Tawa, namiji yana kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa. Shi kare sai saman ramin ya ɗara kafaɗarsa, in ba haka ba kullum yana gogar baya. Ramin da zai ɗauki wannan tsayin, yaro ɗan shekara goma zai shige ta cikinsa ya zare wa na waje sakata. Mussa kuma ba za ta iya tura murfi mai wannan nauyin ba. Ban da haka, mu kare na gadi ne, wurinsa tsakar gida. A yi masa rumfa mai inuwa da kwanon ruwa da ba ya yankewa, ya fi masa ƙofa amfani. Tunda kuma taki za ta fara yawo tana haɗuwa da na waje, ki kai su duka biyun a yi masu allurar haukar kare. Mussa ma tana kamuwa, kuma daga wata uku da haihuwa ake fara yi.

Ba ki tambaya ba, amma hoton nan da kika turo ya sa dole in yi magana. Masu tallar kayan nan a Facebook da WhatsApp, da yawansu ba su da kayan a hannu. Hoton kamfani suke saukewa, su ce ki tura rabin kuɗi ta waya kaya na hanya daga Kwatano ko Lome, daga nan lamba ta daina shiga. Sayen kifi a ruwa ke nan. Wasu suna da kayan, amma su sayar miki da ta maganaɗisu zalla da sunan mai na'ura. Ki juya ta, in ba gidan batir, ba na'urar komai a ciki. Wanda ya sayar mani da tawa rantsuwa ya yi cewa ba ruwanta da rana, da na koma da guntayen ya ce ai yara ne suka karya. Ko cikin masu walda akwai na banza: ya yi ciniki kan ƙarfe mai kauri, ya kawo na tsohuwar gwangwani ya shafe da fenti, ko ya yanka ƙofarki ya karɓi kuɗi ya ce gobe zai dawo da murfi, ki kwana bakwai da rami buɗe. Ki sa ya haɗa komai a shagonsa, ki gani ki taɓa, sannan ya taɓa ƙofarki. Kuɗin kaya kawai za ki ba shi da farko, ladan aiki sai kin tura murfin da yatsa ɗaya kin ga ya koma ya manne da kansa, ta ciki da ta waje.

Ranar da aka gama kar ki kama mussar ki cusa kanta, tsorata za ta yi ta ƙi wurin. Robar taya ba a gani ta cikinta, don haka sai ta ɗan daɗe kafin ta yarda. Ki ɗaure murfin sama da zare kwana uku ta saba da ramin, sannan ki sassauta shi rabi, ki tsuguna ta ɗaya gefen da guntun busasshen kifi kina kiranta. Toka a kwana na shida ta fara turawa da kanta. Ƴaƴanta kuwa ba wanda ya koya masu, uwar suka bi.