Jakar goyo ta hawan dutse: wata bakwai tana bayana

Ranar da na shigo da ita gida, Hajiyarmu ta daɗe tana kallonta kafin ta ce, "Wannan kuma kujerar wane sarki ce?" Na ce, "Hajiya, abin goyo ne." Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ku bakwai na goya da zani da majanyi, ba wanda ya taɓa faɗuwa. Yanzu namiji da gemunsa zai yi goyo a tsakiyar Nima?"

Ban yi mata musu ba, don a cikin gida da kasuwa babu abin da ya kai zani. Matsalata daban ce. Kusan kowace Asabar bayan sallar asuba muna bin ayarin masu motsa jiki da ke taka hanyar hawan dutsen Aburi a wajen birnin Accra, daga Ayi Mensah zuwa Peduase. 'Yarmu a lokacin shekararta ɗaya da wata takwas, nauyinta kilo 11. Takan yi tafiyar minti biyar ta ɗaga hannu a ɗauke ta. In mamanta ta goya ta, ɗaurin zanin yana danne mata ƙirji, ga hawa, sai numfashi ya gagara. In ni na ɗora ta a wuya, hannayena biyu suna riƙe da ƙafafunta, ita kuma tana riƙe da kunnuwana, da barci ya ɗauke ta sai ta fara zamewa.

Na duba sababbi a intanet, irin na Deuter ta Jamus da Osprey ta Amurka, na ga kuɗin da za a kawo mini ɗaya har Accra ya fi ƙarfin aljihuna. Sai na nufi gwanjon Kantamanto, bayan 'yan kasuwar sun sake kafa rumfunansu daga gobarar watan Janairun 2025. A rumfar wani mai tsofaffin jakunkuna na samu guda biyu: ɗaya ta yadi ce zalla, ɗayar mai ƙashin alminiyam da wurin zaman yaro a sama. Ban saya ba ranar. Washegari na dawo da yarinyar, na saka ta ciki, na zaga layin sau uku masu dako suna yi mini tsiya da Turanci da Tuwi. Wannan zagayen ne ya raba gardama. Ta yadin ta manna ta a bayana kamar goyon zani, nan da nan muka jiƙe da gumi mu biyu. Mai ƙarfen na ɗauka.

Wanda zai sayi ta gwanjo ya zauna ya bi ta dalla-dalla. Maɗaurin yaron guri biyar yake kamawa: kafaɗu biyu, ƙugu biyu, da tsakanin ƙafafu. Na ɗaura kowane makulli na fizge shi da ƙarfi, na bi ɗinkin da yatsa, na duba ko ƙarfen ya lanƙwashe. Makullin ƙirjina ne kawai ya tsage, wani mai gyaran jaka a Mamobi ya canza shi. Da a ce na yarinyar ne ya tsage, da ko kyauta ba zan karɓa ba.

Fitarmu ta farko kuwa na sha wuya, kuma laifina ne. Na ɗaure ta kamar jakar makaranta, na tamke igiyoyin kafaɗa, na bar ɗamarar ƙugu tana lilo. Kafin mu yi rabin hawan, kafaɗuna sun ɗau wuta, yatsuna sun fara mutuwa. Wani dattijo da ke tafe a bayanmu, da ganin tafiyarsa tsohon soja ne, ya tsayar da ni ya ce, "Ɗana, sassauta na saman duka." Ya sa na ɗaga jakar na zaunar da ɗamarar daidai kan ƙashin ƙugu, na ja ta sosai, sannan na ja na kafaɗa kaɗan, a ƙarshe wasu 'yan igiyoyi biyu da ke saman kafaɗa, waɗanda ban ma san amfaninsu ba, masu janyo nauyin ya matso jikin mutum. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini rabin kayan. Ashe duk hikimar abin a ɗamarar nan take: ƙugu da cinyoyi ke ɗaukar nauyin, kafaɗa daidaitawa kawai take yi. Don haka mai faɗaɗɗiyar ɗamara mai kauri za a nema, kuma wadda ake iya ƙara ko rage tsawon bayanta. Uwargida ta fi ni gajarta nesa ba kusa ba, amma cikin minti ɗaya muke mayar da ita daidai jikinta.

Nauyi dai yana nan, kada a ruɗi kowa. Jakar kanta ta haura kilo 3, ga yarinya, ga ruwa lita 2, ga kunzugu da abinci, an doshi kilo 17. Manyan kamfanonin sukan sa iyakar kilo 22, yaro da kaya gaba ɗaya, kuma ba a saka jaririn da bai iya zama da kansa ba.

Babbar jarrabawar a gandun dajin Shai Hills aka yi ta, can kan hanyar Akosombo, inda mutanen Shai suka zauna a kan duwatsu har Turawan Ingila suka kore su a 1892. A hanyar kogon jemagu akwai wuraren da sai ka dafa dutse da hannu biyu, a nan na gode Allah da hannayena ke sake. Amma a nan ne kuma na gane illar abin. Kan yarinyar ya fi nawa tsayi. Na sunkuya na wuce ƙarƙashin wani reshe, ni na tsira, ita reshen ya tafi da hularta. Sannan duk lokacin da ta karkata don ta leƙa wani abu, sai in ji ana ja na gefe. A kan dutse mai santsi wannan ba wasa ba ne. Da muka hango gwaggon birai a bakin hanya ta yi tsalle a ciki don murna, saura ƙiris in zauna a ƙasa. Mai yi mana jagora ya sa muka kwashe biskit daga aljihun gefe muka tura can ciki, ya ce birai sun san leda.

Wajen zafi jakar ta burge ni. Akwai raga tsakanin bayana da ita, iska na ratsawa, ƙurajen zafin da kan feso mata a ƙirji bayan dogon goyo ba su fito ba. Rumfar ranar da ake zarowa daga sama ma ta yi amfani, ko da yake rana ta gefe tana shigowa. Abin da har yau ban saba da shi ba shi ne rashin ganin fuskarta. In ta yi shiru sai hankalina ya tashi, in ɗaga waya in leƙa ta da kyamarar gaba. Yawanci barci take, kunci a kan ɗan matashin gaba, yawu na zuba. Mukan sauke ta duk bayan kamar awa ɗaya ta taka, don ƙafafun da ke rataye suna sanyi. Takalmi kuma mun yi asarar ƙafa ɗaya a Aburi, wajen tsohon jirgin nan mai saukar ungulu da ke cikin lambun shuke-shuken garin; yanzu cire su nake yi in sa a aljihu.

Jakar tana da ƙafar ƙarfe da ake buɗewa ta tsaya da kanta, amma kada a yarda da ita. Sau ɗaya na ajiye a gangare na juya zan ɗauki ruwa, ta fara tafiya gefe, Allah ya sa na cafke. A tirotiro, wato bas ɗin haya, ma fitina ce, ba ta naɗewa sosai, ɗan kwandasta ya taɓa cewa sai na biya mata kujera. In fitarka ba ta wuce sau biyu a shekara, ara za ka yi, kada ka saya. Mu da muke fita kusan kowane mako, ta fanshi kuɗinta tuni.

A ɗakinmu a ƙusa take rataye bayan ƙofa, sai dai yanzu ba kullum nake samunta a wurin ba. Juma'ar da ta wuce na dawo daga masallaci na tarar Hajiya ta kafa ta a tsakar gida, ta danne ƙafar ƙarfen da tata ƙafar, ta ɗaure jikar tata a ciki tana yi mata kitso. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "In za ka fita gobe ka dawo mini da kujerata da wuri."