Buck Rogers da Flash Gordon: wane ne yaya, wane ne ƙane?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga guntayen tsoffin finafinai marasa kala, wani an rubuta Buck Rogers wani Flash Gordon, amma fuskar jarumin ɗaya ce, har kake tambaya ko mutum ɗaya ne, kuma wanne ya cancanci a nemi zanensa a karanta. Idonka bai yaudare ka ba. Buster Crabbe ne ya fito a matsayin Flash a 1936, shi ne kuma ya fito a Buck a 1939. A takarda kuwa ba gidansu ɗaya ba.

Buck ne yaya. Philip Nowlan ya ƙago shi a wani labari da ya fito a mujallar Amazing Stories a 1928, lokacin sunansa Anthony Rogers. Ranar 7 ga Janairun 1929 ya fara fitowa a jaridun Amurka a matsayin labarin zane, Dick Calkins na zanawa. Ramin haƙar ma'adinai ne ya rufta da shi, ya shaƙi wata iska, ya yi barcin kusan shekara 500, sai ya farka a ƙarni na 25. Duk wanda ya san ƙissar Ashabul Kahfi ba zai ji wannan farawar baƙuwa ba. Da ya fito bai tarar da Amurkar da ya sani ba, an ci ta da yaƙi, 'yan ƙasa suna ɓoye a daji suna tawaye.

Flash kuwa kishi ne ya haife shi. Kamfanin King Features, mai sayar wa jaridu labaran zane, ya ga irin kasuwar da Buck ke ci, har da shirin rediyo tun 1932, sai ya sa wani matashi, Alex Raymond, ya yi masa kishiya. Ta fito ranar 7 ga Janairun 1934, shekara biyar cif. Flash ɗan wasan polo ne da ya yi karatu a jami'ar Yale, ɗan gata ke nan. Dubi shafin farko kawai: wata duniya ta nufo tamu za ta yi karo da ita, dutse daga sama ya bugi jirgin da yake ciki, ya rungumo wata fasinja mai suna Dale Arden suka diro da lema, suka faɗo kusa da gidan wani masanin kimiyya, Dokta Zarkov, shi kuma ya ɗora musu bindiga ya tura su cikin roka. Duk a shafi guda! Daga nan sai duniyar Mongo da azzalumin sarkinta Ming.

To a nan suka rabu. Buck na masu son dabara ne: ɗamarar da ke sa mutum ya yi tsalle ya haye bishiya, bindigar haske, jirgin zuwa wasu duniyoyi, duk ana ƙoƙarin bayyana yadda suke aiki. Sai dai zanen Calkins a sandare yake, mutanensa kamar an sassaƙa su da gizago. Flash bai damu da kimiyya ba ko kaɗan. Roka na tsaye a gefe, amma da takobi za a yi faɗan. Tatsuniya ce ta sarakuna: masu fukafukai na Yarima Vultan, mutanen zaki na Thun, masarautar kan bishiyoyi ta Yarima Barin. Abin da ya ɗaga shi hannun Raymond ne. Da tafiya ta yi nisa ya rage yawan akwatunan shafi, ya faɗaɗa su, sai ka ga alkyabba na kaɗawa kamar za ka ji iskarta. Raymond ya bar aikin a 1944 ya shiga soja, ya rasu a hatsarin mota a 1956.

Tabo ɗaya suke da shi su biyun, kuma gara ka sani tun yanzu. Maƙiyan Buck na farko da Ming duk an zana su da kamannin mutanen gabashin Asiya, irin tsoro da raini na Amurkar wancan zamani.

Wadda nake jin haushin an manta da ita Wilma Deering ce. Soja ce, da makaminta Buck ya fara ganinta, ita ta kai shi wurin mutanenta. Dale Arden kuwa yawancin aikinta a sace ta a zo ceto. Akwai kuma Brick Bradford na 1933, wanda ya riga Flash fitowa, mai na'urar tafiya cikin zamani mai siffar katantanwar wasan yara, yau da wuya ka ji an ambace shi.

In karatu za ka fara, ni dai Flash zan miƙa maka, shafukan Lahadi masu kala na 1935 zuwa 1940. Flash ɗin ne George Lucas, mai shirya finafinai, ya nemi izinin mayarwa fim bai samu ba, ya koma ya yi Star Wars a 1977. Buck ka bar shi sai ka ƙoshi da zane, ka fara tambayar wa ya fara sa wa jarumi bindigar haske a hannu a shafin jarida.