Yellowstone da yara: motar 'yan yawo ta ci kuɗinmu, hanyar katako ta biya mu

Duk mai shirin kai iyalinsa gandun Yellowstone na Amurka, shawarata ita ce ya ɗauki motar haya ya tuƙa da kansa, ya bar motar 'yan yawon buɗe ido ta wuce. Mun gwada duka biyun, ni da maigidana da yaranmu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ce ta sa na zauna rubuta wannan sharhi.

Wurin kansa ba shi da abin kushewa. Tun 1872 aka keɓe shi, shi ne gandun ƙasa na farko a Amurka, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 9,000, mafi yawansa a jihar Wyoming, gefensa kuma ya leƙa Montana da Idaho. A kan dutse mai aman wuta yake zaune, amma kada a je ana neman wani tsauni mai tsini da hayaƙi a ka. Babban ɗanmu ya yi ta waige-waige, can ya ce, "Umma, wai ina dutsen yake?" Amsar ita ce a cikin bakinsa muke tsaye. Kimanin shekara 640,000 da suka wuce ya yi wani aman da ya sa ƙasa ta rufta, ta bar kwari mai kusan kilomita 50 a faɗi da 70 a tsawo. Rabon da narkakken dutse ya malalo waje an kai shekara 70,000, amma zafin yana nan a ƙasa. Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suna tsiyaya ta tsagogin duwatsu, su ɗauki zafi, su dawo sama. Wuraren da suke ɓullowa sun haura 10,000, daga ciki akwai marmaro masu feshi sama da 500, kusan rabin na duniya baki ɗaya.

Mun fara da motar wani kamfani mai zagaya mutane a yini guda, don muna ganin za a hutar da mu tuƙi da neman wurin ajiye mota. Direban, wanda shi ne kuma ɗan jagora, mutumin kirki ne, ya san wurin ciki da bai. Laifin na jadawalin ne. Babbar hanyar da ta zagaye gandun, mai siffar lamba 8, ta kusa kilomita 230, kuma ba a yarda a wuce gudun kilomita 72 a awa ba. Ga ɓaunaye, waɗanda in suka ga dama sai su hau kwalta su tsaya, motoci su jeru a bayansu babu mai iya ce musu uffan. Kamfanin ya cika takardarsa da sunayen wurare, don haka duk lokacin da ɓauna ta ci, daga tsayuwarmu ake zare shi. Mai yara ya san kafin a sa wa wannan riga, a kai wancan bayan gida, an kira a koma mota. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne sun kai mu tafkin Grand Prismatic da sassafe, lokacin da sanyi ke sa tururi ya lulluɓe ruwan gaba ɗaya. Farin hayaƙi kawai muka gani. Duk wanda ke wannan sana'a ya san da haka, sai dai hanyar ta fi musu sauƙi ta nan.

Da muka koma da kanmu da rana tsaka, sai ga abin da ake faɗa. Shi ne tafkin ruwan zafi mafi girma a Amurka, faɗinsa kusan mita 110. Tsakiyarsa shuɗi ne mai zurfi, daga nan kore, sai rawaya, sai ruwan lemo da ja-ja da ke miƙewa waje a kan farar ƙasa. Launukan gefen nan ƙwayoyin bakteriya ne masu son zafi, kowane iri da zafin da yake iya jurewa, shi ya sa suka jeru zobe-zobe; tsakiyar kuwa ta yi musu zafi da yawa, sai ruwa zalla. Daga hanyar katakon da aka shimfiɗa wa masu tafiya a ƙafa za ka ji ɗumin tururin a fuska, iska ta kwashe shi, sanyi ya buge ka, ya sake dawowa. Amma cikakkiyar surar sai an hau ɗan tudun da ke hanyar Fairy Falls. Hawan bai fi ƙarfin yaro ɗan firamare ba, autarmu dai sai da babanta ya saɓa ta a kafaɗa. A can ne na ba yaran labarin Thomas Brock, masanin da ya gano wata bakteriya a ruwan zafin gandun nan a 1966. Sinadarin da aka samo daga jikinta ne ya sauƙaƙa gwajin PCR, wanda aka yi ta yi wa mutane lokacin korona. Babban ya daɗe yana kallon wannan shimfiɗa mai yauƙi bai ce komai ba.

Marmaro mai feshin nan Old Faithful kowa ya san sunansa, kuma cunkoson wurin ba ƙarami ba ne. Duk da haka ba zan ce a tsallake shi ba, don shi ne wanda za ka iya yi wa yaro alkawari ka cika. Kusan duk minti 90 yake feshi, ruwan ya tashi mita 30 zuwa 55, ya ɗauki minti ɗaya da rabi zuwa biyar. Jami'an gandun suna rubuta lokacin da suke sa ran na gaba, da ragi ko ƙarin minti 10, kuma daga tsawon feshin da ya wuce suke lissafawa: in ya yi gajere, na gaba zai zo da wuri, in ya daɗe, jira ya ƙaru. Wata jami'a ta yi wa yaran bayanin yadda abin yake a cibiyar baƙi. Ramin yana da maƙogwaro matsattse, nauyin ruwan sama-sama yana danne na ƙasa ya hana shi tafasa, kamar tukunyar da aka danne wa murfi. Da kumfar tururi ta tura ruwa kaɗan waje, nauyin ya ragu, sai na ƙasan ya rikiɗe tururi a lokaci guda ya yi sama da komai. Da suka koma benci suka ga ruwa ya fara tsartuwa kaɗan-kaɗan, su ke gaya wa na kusa da su cewa ya kusa.

Wannan bayanin kyauta muka same shi, ga kuma ɗan littafin da gandun ke ba yara su cike, su kai wa jami'i ya duba, su ɗaga hannu su yi alkawarin kula da wurin, a ba su lambar ƙaramin mai gadin gandu. Littafin nan ya yi mana aikin da kuɗin kamfani bai yi ba. Shi ya sa yaran suka tsaya suna bambance marmaro mai feshi da tafkin zafi, da ramin tururi, da tukunyar taɓo. A Fountain Paint Pot duk nau'i huɗun suna wuri ɗaya, a zagaye gajere. Taɓon can fari-fari ne da ɗan ja, yana kumbura ya fashe da ƙara, ɓul, ɓul, kuma babu abin da ya ba autarmu dariya a duk tafiyar kamar sa.

To, ga abin da nake so kowace uwa ta ji da kyau. Yawancin hanyoyin katakon nan ba su da abin dafawa a gefe. Ƙasar da ke kusa da su tana kama da busasshen fili, alhali a wurare da yawa ɓawo ne siriri a kan tafasasshen ruwa. Mutum sama da 20 sun rasa ransu sanadiyyar ƙuna a ruwan gandun nan. A watan Yulin 2024 wani tafki a Biscuit Basin ya fashe ba zato, ya watsa duwatsu ya farfasa hanyar katako, Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni. Ƙaramin yaro mai son fizge hannu ya ruga, ko dai a goya shi ko a ɗaure shi a keken turawa, wanda yake tafiya lafiya lau a kan katakon. Hula ma a riƙe ta, iska tana yawan kwashewa, kuma duk abin da ya faɗa can ya tafi ke nan. Tafkin Morning Glory shaida ne: kwabbai da tarkacen da mutane suka yi ta jefawa sun toshe masa hanya, zafinsa ya ragu, launinsa ya sauya. Dokar dabbobi kuma a bayyane take, mita 23 tsakaninka da ɓauna, mita 91 tsakaninka da beyar ko kyarkeci.

Warin farar wuta yana ko'ina, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ya fi tsanani a Mud Volcano. Ɗiyarmu ta tsakiya mai ciwon asma ba ta ji daɗin wurin ba, sai muka gaggauta wucewa. Mai irin wannan yaron ya riƙe maganinsa a aljihu, ba a cikin mota ba. Mammoth, inda ruwa ke ajiye farar ƙasa mataki-mataki, yana da kyau amma matattakalarsa sun yi wa ƙanana yawa. A yankin Norris akwai marmaron Steamboat, wanda feshinsa ke wuce mita 90, ya fi na ko'ina tsawo a duniya, sai dai ba shi da lokaci, kada a sa wa yara rai.

Kuɗin shiga lokacin da muka je dala 35 ne ga mota guda na mako ɗaya, amma a 2026 an sake wa baƙin waje tsarin biya, don haka a duba kafin a yi kasafi. Masauki a cikin gandun yana da tsada kuma yana cika watanni kafin bazara, mu a garin West Yellowstone muka kwana, kusa da ƙofar yamma. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a mafi yawan hanya, a sauke taswira tun daga masauki. A tafi da rigunan sanyi ko da tsakiyar bazara ne, don wurin ya haura mita 2,000 a saman teku, safiyarsa akwai sanyi sosai. Game da shekaru kuwa, a ganina yaron da ya kai shida zuwa sama shi ne zai fahimci abin da yake gani, ya kuma ji magana in an ce kada ya sauka daga katako. Wanda bai kai haka ba za a iya zuwa da shi, amma babba guda ya sani tun daga gida cewa riƙon hannun yaron nan shi ne aikinsa.